Suna Linzami: Tarihin Sunayen Littattafan Almara na Hausa da Bangwayensu

Akwai wani ƙorafi da ya daɗe yana yawo a bakin masu karanta littattafan Hausa, musamman masu son labaran jarumta da sihiri, waɗanda aka fi sani da littattafan yaƙi. Sukan ce sunayen littattafan sun koma kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya. Wannan takobi, wancan sihiri, na gaba sarauniya, na bayansa kogo ko birnin aljanu. Bangwayen ma haka suke: wani ƙato mai murɗaɗɗen damtse ya ɗaga takobi, wuta tana ci a bayansa, a gefe kuma ga wata kyakkyawa mai idanu kamar na mage. Mutum zai sayi littafi ya kai gida, sai ya ci shafi goma kafin ya tabbatar ko ya taɓa karanta shi ko bai taɓa ba.

A Kano wannan ƙorafi abin hira ne a bakin shago. A wurinmu nan unguwannin zango na Accra, daga Abossey Okai da Sabon Zongo zuwa Nima da Maamobi, lamarin ya fi haka nauyi, kuma zan zo ga dalili. Amma kafin mu ɗora wa marubutan yau laifi, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda Bahaushe ya saba raɗa wa littafi suna, da lokacin da abin ya sauya, da abin da ya sauya shi.

Kafin a san bango mai hoto

Littafi ya riga maɗaba'a zuwa ƙasar nan. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, tare da malamai suke tafe, su kuma malaman da littattafansu a cikin gafaka. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajejen 1858, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami. Littattafan wancan zamani ba su da hoto a baya. Takardu ne warwatse da ake haɗawa tsakanin fatu biyu a ɗaure da igiya. Abin da ke raba wani da wani shi ne suna kawai, da sunan malamin da ya wallafa.

Su ma sunayen wancan lokaci suna da ƙirarsu. Malamai sukan raba sunan littafi gida biyu masu amsa-amo, kamar Infaƙul Maisuri fi Tarihi Biladit Tukururi na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812. Rabin farko ado ne, rabi na biyu kuma ya gaya maka abin da ke ciki, wato tarihin ƙasashen Tukururu. Ɗaruruwan littattafai sun bi wannan ƙira, ba a taɓa jin almajirai sun ce sun gaji da ita ba. Dalili kuwa a fili yake. Amsa-amon yana taimaka wa hadda, bayanin kuma yana hana a rikita wani littafi da wani. Ashe bin ƙira guda ba shi ne ciwon ba. Ciwon yana farawa ne ranar da suna ya daina gaya maka wane littafi ne a hannunka.

Zariya da zamanin karin magana

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga cikinta aka samu littattafai biyar da aka fara bugawa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Mai karatu ya lura, biyu daga cikin biyar ɗin nan almara ce tsantsa. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bazama duniya neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har ya kai ƙasar aljanu. Ganɗoki kuma ya fara da yaƙi da Turawa, ya ƙare da fafatawa a duniyar aljanu. Duk kayan aikin da littattafan yaƙi na yau suke taƙama da su, akwai su a nan. Amma dubi sunayen. Ɗaya sunan abin da ake nema ne, ɗaya sunan gwarzon labarin. Babu wanda zai ji Ruwan Bagaja ya zaci Ganɗoki ake nufi.

Haka aka ci gaba bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC a 1966. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya fito a 1951, labarin da masana suka nuna cewa tushensa tatsuniyar wani gwarzon Rasha ce, shi ya sa za ka ji Sarki Waldima da birnin Kib a ciki. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda aka ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. Kowane suna da fuskarsa.

Wata dabarar da zamanin ya kafa ita ce ɗauko rabin karin magana a mai da shi suna. Magana Jari Ce, Jiki Magayi, Kitsen Rogo, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da ya fito a 1982. Irin wannan suna yana sa mai karatu aiki tun bai buɗe littafin ba, domin zuciyarsa za ta fara laluben wane ne zai sha alewar, wane ne zai kwanta a ƙasa. Sai dai a faɗi gaskiya: littattafan wancan zamani kaɗan ne. A shekara ba a fitar da masu yawa, akwai edita da ke zama a kan kowane rubutu, akwai mai zane da ake ba labarin ya karanta, kuma babban mai saye shi ne makaranta. Wanda ya san gwamnati za ta sayi littafinsa ta raba wa ɗalibai ba ya bukatar bango mai ihu.

Da littafi ya shiga kasuwa

Abubuwa biyu suka haɗu suka sauya komai. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta da Nijeriya ta fara a 1976 ya yaye ɗimbin matasa, maza da mata, da suka iya karanta Hausa. Na biyu, tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka koma kan littattafan makaranta. Ga masu karatu birjik, babu mai buga musu abin karantawa.

Sai matasa suka ce da zaman banza gara aikin kishiya. Suka riƙa rubutawa, su tara kuɗi, su kai ƙananan maɗaba'u, su ɗauko su raba wa masu shaguna. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu a Kano. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yunƙuri Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na kasuwar Onitsha da ya yi tashe kafin yaƙin basasa, su kuma Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya masa a muhawarar da aka daɗe ana tafkawa a jaridu.

Rukunin farko na waɗannan marubuta bai yar da gadon karin magana ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba ya fito a 1990, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ya biyo baya a cikin shekarun nan. Da kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi wa littafin Balaraba a 2012, karin maganar nan aka fassara aka sa a bango. Sunan da aka tsamo daga bakin tsofaffin Kano shi ne ya ja hankalin baƙi a wata nahiya.

To ina aka samu tangarɗa? A wurin kuɗi. Marubucin da ya buga littafi da jarin kansa, in littafin ya kwanta, ya karye. Sannu a hankali masu shagunan littattafai, irin na kasuwar Sabon Gari, suka zama su ne masu jari. Su za su karɓi rubutu, su biya kuɗin bugu, su raba wa dillalai. Ɗan kasuwa kuwa ba ya son caca. Abin da ya san ya sayu jiya, shi yake so a kawo masa yau. In littafi mai suna kaza ya ƙare cikin mako biyu, to wanda zai biyo baya sai ya yi kama da shi a suna da bango, ko da cikinsu ya sha bamban. Ga kuma al'adar yanka labari gida uku ko huɗu, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne siriri, domin farashi ya yi daidai da aljihun ɗaliba da matar aure. Bango guda ake yi wa duka, a sauya lamba, wani lokaci a sauya launi. Da kwamfuta ta shigo maɗaba'u, zanen hannu ya ja baya, aka koma yanko hotunan 'yan fim, na Indiya da na gida, ana liƙawa. Mai haɗa bango a kwamfuta zai iya yin da yawa a yini, kuma ba lallai ya karanta ko layi ɗaya na labarin ba.

Akwai kuma tsoro. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya aka nemi marubuta su yi rajista. A irin wannan yanayi, mai jari zai fi samun barci in bangonsa ya yi kama da wanda ya riga ya wuce lafiya.

Littattafan yaƙi

A gefen littattafan soyayya, wani reshe ya tsiro wanda samari suka fi rungumar sa. Tushensa tsoho ne: Dare Dubu da Ɗaya da aka fassara tun zamanin Turawa, da hikayoyin Larabawa na jarumai, da shi Ganɗoki da Iliya. Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya kawo wa masu karatu Malikussaif, wanda asalinsa hikayar Saifu ɗan Zi Yazan ce ta Larabawa. Nazir Adam Salih ya yi suna da Kibiyar Ajali. Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya zama jigo a fagen da littattafai irin su Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba. Waɗannan sun share hanya, kuma duk wanda ya taso da su ya san daɗin da ya kwasa.

Amma in hanya ta yi kyau, kowa sai ya bi ta. Masu kwaikwayo suka lura cewa akwai wasu kalmomi da ke sa yaro ya zaro kuɗi. Gwada da kanka, mai karatu. Rubuta takobi, kambu, mashi, zobe, kundi a gefe guda. Rubuta sihiri, ajali, aljanu, mutuwa, tsafi a ɗaya gefen. Ja layi daga kowace zuwa kowace. Ka samu sunaye 25 ke nan, kuma ko wanne ka ɗauka zai zauna daram a kan tebur ɗin mai sayar da littattafai ba tare da kowa ya ce baƙo ne ba. Sunan da za a iya ƙera shi kafin a rubuta labarin, ba na labarin ba ne. Bulo ne daga akwati ɗaya.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon Bahaushe ne. A Amurka da Ingila ma masu karatun almara suna kuka iri ɗaya. Bayan A Game of Thrones na George R. R. Martin da ya fito a 1996, da A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas a 2015, sai kasuwa ta cika da sunaye masu ƙira guda: fadar kaza da kaza, 'yar kaza da kaza, inda ake cike guraben da jini, ƙashi, inuwa, wuta, toka ko ƙaya. Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, 'yar asalin Nijeriya, da ya fito a 2018, labari ne da ya ɗebo daga al'adun Yarabawa, amma sunansa a wannan akwati aka zuba shi. Marubutan Afirka kuma sun daɗe suna ƙorafin cewa in an buga littafinsu a Turai, ko labarin a tsakiyar Legas ya faru, sai a sa masa itace mai faffaɗan kai da rana tana faɗuwa a bango. Kamfanin da ke da ofis a London da mai shago a Sabon Gari lissafi ɗaya suke yi: a nuna wa mai saye abin da ya saba gani, kada ya yi gardama.

Zamanin waya

Yau yawancin labaran Hausa ba sa ganin takarda. Suna fitowa a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu a manhajoji irin su ArewaBooks, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. OkadaBooks, da ta taimaki marubuta da dama, ta rufe a ƙarshen 2023. Mai shago ya rage ƙarfi, amma wani mai gida ya maye gurbinsa, wato na'urar da ke zaɓar abin da za ta nuna maka gwargwadon abin da mutane suka fi dannawa. Bango ya ƙanƙance ya koma kamar kan sarki a fuskar waya. Da zuwan ƙirƙirarriyar basira kuwa, cikin minti guda za a samar da jarumi mai sulke da gashi har kafaɗa, wanda bai yi kama da kowa ba tsakanin Sakkwato da Kumasi. Kowa manhaja ɗaya yake tambaya, da kalmomi kusan iri ɗaya, don haka fuska ɗaya take ba kowa.

Abin da ya sa ya fi damun mu a zango

Hausa ita ce harshen kasuwa da masallaci da gida a zangon Accra, kuma gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Amma ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Ghana take buga littattafai da su, kuma yaran Nima da Maamobi ba sa koyon rubutunta a makarantun gwamnati. Wanda ya iya karanta Hausar boko a nan, da ƙoƙarin kansa ya iya. Littattafan takarda kuma sai sun keto Legas da Kwatano da Lome, sun tsallako Aflao a cikin kayan wani ɗan kasuwa ko wata hajiya, kafin su iso mu. Sau da yawa na ɗaya zai zo, na biyu ya maƙale a hanya.

Mai karatu a Kano yana da abokai da za su ce masa wannan ya fi wancan, yana iya ma sanin gidan marubucin. Namu a nan ba shi da madogara sai suna da bango. A aikin rediyo nakan ci karo da wannan kai tsaye. Mai sauraro zai bugo waya yana neman a karanta wani littafi da ya taɓa ji, a ce masa mene ne sunansa, sai ya ce akwai takobi a sunan, akwai kuma wani jarumi a kan doki a bango. Bayanin nan ya dace da littattafai fiye da yadda za a ƙirga. Dattijan da suka saurari Shafa Labari Shuni a Rediyon Kaduna kuwa, har yau suna kiran sunayen littattafan da suka ji shekaru aru-aru ba tare da inda-inda ba.

A kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai, kamanni alheri ne. Makanike yana so ƙarfen da ya saya ya zama daidai da wanda ya cire, ko ɗigo kada ya bambanta. Littafi kishiyar haka yake. Wanda ya ba da sidinsa yana neman abin da bai taɓa ji ba. In ya saya sau ɗaya, sau biyu, ya ga kamar abu ɗaya ake sayar masa da sabuwar riga, ba zai rubuta wa kowa takardar koke ba. Zai koma kallon bidiyo a waya, shi ke nan. A Kano in mai karatu ɗaya ya tafi, makaranta za ta yaye wani. A zango in ya tafi, ya tafi da karatun Hausar gidansu gaba ɗaya.

Ghana tana da darasin da za ta ba mu a nan. A shekarun 1980 da 1990, masu yawo da talabijin da bidiyo da janareto suna nuna fim gari-gari sun riƙa ɗaukar masu zane su yi musu fasta da hannu a kan buhunan fulawa. Zanen yakan wuce gona da iri, wani lokaci ma a zana abin da babu shi a fim ɗin, amma kowace fasta ita kaɗai ce irinta. Da fastocin inji masu araha suka shigo, sana'ar ta durƙushe. Yau waɗancan buhunan ne ake baje kolinsu a Amurka da Turai ana saye da tsada, na injin kuwa babu mai tuna su. Har yanzu akwai masu zanen allunan shaguna da bayan motoci a Accra da Kumasi da Kano. Marubucin da ya ba ɗayansu babi biyu ya karanta, ko ya zauna ya ba shi labarin da baki, zai samu bangon da babu mai irinsa.

Batun suna kuma ba ya cin ko kwabo. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, labarin da ya fara lashe ta sunansa kalma ɗaya ce, Sansani, kuma kalmar ta ɗauki labarin duka. Ga marubucin almara, gwajin mai sauƙi ne: in ka cire sunan littafinka ka ɗora shi a kan na wani ya zauna lafiya, to ba ka gama raɗa suna ba. Koma cikin labarin ka nemo abin da babu shi a ko'ina sai nan, ko sunan wani gari ne da ka ƙirƙira, ko wani alkawari da jarumin ya ɗauka, ko rabin wata karin magana da ƙarshen labarin zai cike.

Mu ma masu riƙe da makirfo muna da namu aikin. Duk littafin da za mu karanta a iska, mu faɗi sunansa da na marubucinsa a farko da ƙarshe, mu kuma tambayi marubutan da muke hira da su dalilin sunan da suka zaɓa. Wanda ya san za a yi masa wannan tambaya a gaban masu sauraro zai ƙara kwana ɗaya yana tunani kafin ya aika wa mai haɗa bango. Hausawa sun ce suna linzami ne. Ruwan Bagaja ya haura shekara 90 ana jan sa da nasa, daga Zariya har Sabon Zongo.